Amsa ga mai tambaya kan gashin 'yarta da ya ƙi kwanciya

Wa alaikumussalam 'yar uwa. Na ga kin ce yarinyarki shekararta 1 da rabi, gashin tsakiyar kanta a murɗe yake, tsaga ba ta miƙewa, ƙeya kuma fayau, har kakarta na cewa a sake aske mata ko zai fito da kyau.

To gaskiya wannan murɗewar da ita aka haife ta, tun a ciki gashin ya ɗauki hanyarsa, wasu yaran ma guda biyu gare su, ba ciwo ba ne kuma aski baya canza ta. Saiwar gashi a cikin fata take, reza ba ta kai can, in ya tsiro yadda yake ɗin nan zai dawo. Ki lallaɓa Hajiya dai cikin ladabi, kin san su da jika.

Ni abin da nake wa nawa, in na wanke kan tun da danshi sai in shafa man kaɗanya ko na kwakwa ɗan kaɗan, in taje da babban mataji daga bakin gashi zuwa tushe, sai in duba inda ya rabu da kansa, nan zan sa kibiya in tsaga, ko a karkace ne ba ruwana. Masu kitso da yawa sun fi son tsagar tsakiya ɗoɗar, sai su yi ta ja suna tamkewa don ya kwanta dole, yarinya na ihu ana cewa ai rigima ce, wallahi wannan shi ke cinye gashin goshi, kuma in aka daɗe ana yi wani wurin baya sake tsirowa. Kin ga ƙananan ƙuraje a bakin kitso ko ta kasa kwanciya a kansa? Tsefe shi a ranar, kar ki ji asarar kuɗinki. A shekarunta manyan kalaba guda 4 ko 5 sakwa-sakwa sun isa, banda roba mai cin gashi, banda rilaksa kwata-kwata, kuma a bi maɗiga a hankali in ba ta gama haɗewa ba.

Maganar ƙeya, yawanci gogar katifa ce, tunda ta fara yawo zai cike, sai dai haƙuri don gashi kamar santimita 1 yake ƙaruwa a wata.

Amma ki duba da kyau, in wurin ya yi zagaye yana ɓarɓashi fari tana susa, makero ne, shafe-shafe baya kashe shi, asibiti za ki kai ta a ba ta na sha, ki ware mata matajinta da hularta. Haka in gashin ya koma ja yana tsinkewa tana ramewa, a auna ta, sau da yawa abinci ne bai isa ba, ki ƙara mata ƙwai, wake, kifi da zogale.