Ki Sauka Kan Tabarma, 'Yata

'Yata, saƙonki ya iso. Ya maigida da yaran, ya kuma sanyin bana? Kin ce an ba ki ajin ƙanana a makarantar Lahadi, an ɗora miki wasan kwaikwayon Kirsimeti, sai wata a zumuntar mata ta ja ki gefe ta ce matar aure ba ta zama a tabarma tana tafi da tsalle da yara, wai zubar da girma ne. Kina tambaya ko haka al'adar take tun da.

Ba haka muka tarar ba. Matan da suka koyar da mu a ƙauye, wasunsu sun yi jika, amma ɗamara suke ci da gyale su shiga tsakiyarmu. Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda ya fito gaba ɗaya a 1932, guda ɗaya ne a hannun mai bishara, mu kuwa da kunne muka karɓi labarin, kamar tatsuniyar dare. Wadda ta yi miki maganar kada ki riƙe ta a rai, kunya ce irin tamu take karewa, kunya kuwa ado ce. Sai dai ki buɗe Matiyu 18. Da almajirai suka tambayi wane ne babba a Mulkin Sama, Yesu ƙaramin yaro ya kira ya tsayar a tsakiyarsu, ya ce sai sun juya sun zama kamarsa. A Markus 10 ma, da suka kwaɓi masu kawo yara, ransa ne ya ɓaci da su.

Bari in gaya miki abin da ya same ni. Wata shekara ina karanta musu Luka 2, na kai inda Maryamu ta naɗe jaririn da zanen goyo ta kwantar da shi a komin dabbobi don ba su sami masauki ba. Ina sauri, hankalina na kan shinkafa da cincin da ke jirana a gida. Sai wata yarinya da ba ta wuce shekara shida ba ta ɗaga hannu ta ce, "Mama, to wa ya dafa mata ruwan wankan jego? Wa ya dama mata kunun kanwa?" Na buɗe baki zan ce ta yi shiru, maganar ta maƙale. Shekara nawa ina karanta wurin nan, ban taɓa ganin Maryamu a matsayin mai haihuwar fari a baƙon gari ba, babu uwa, babu gwaggo a kusa. Yarinyar ta ga an yi wa mamanta jego, shi ya sa ta ji tausayin da ni na daina ji. Ranar na rufe littafin na zauna a ƙasa, muka yi ta hirar Baitalami, garin da aka haifi Yesu, har aka tashi sujada.

Saboda haka in sun yi tambaya, kada ki yanke su. Wani zai ce makiyayan da mala'ika ya yi wa albishir ɗin haihuwar Yesu ba su ji sanyi da daren ba? Ki tambaye shi yadda hunturu yake a daji, musamman in ɗan gidan kiwo ne, ya fi ki sani. In sun ce masanan nan da suka zo daga gabas neman jariri Yesu su uku ne, ku duba Matiyu 2 tare: kyautai ne uku, zinariya da lubban da mur, ba a faɗi yawan mutanen ba. Za ki ga idonsu ya buɗe.

Wasan kuma kada ki mai da shi jarrabawa. Ki ajiye bulala a kan ayar haddacewa. Bargo da sandar kiwo da zanen gado sun isa kaya, kada yaron da iyayensa ba su ɗinka masa sabon kaya ba ya rasa rawar takawa. Irinsu nake fara ba wa rawar mala'ika.

Ran 25 ga Disamba in kin zuba abincin maƙwabta, ki bar yaran su kai da kansu, kamar yadda su ma suke aiko mana da naman layya. Ki gaida maigida, ki turo mini hoton makiyayanki.

Gwaggonki.