Amsa ga mai jegon da aka rubuta wa jaririnta sikanin kai

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raya yaro, ya ba shi lafiya. Na karanta abin da kika rubuto: jaririnki yana cikin wata na uku, kin kai shi rigakafi malamar asibiti ta auna kansa ta ce girman ya wuce ƙima, likita ya taɓa maɗigarsa ya rubuta a yi sikanin kai. Surukarki ta ce hoto yana ƙona ƙwaƙwalwar jariri, maƙwabciya kuma ta ce ki bar wannan ƙaramin hoton ki je a yi CT, wato hoton da ake ɗauka da eksire da kwamfuta, kai tsaye tunda shi ne babba. Na daɗe ina aiki a sashen ɗaukar hoto, jarirai irin naki kuma kullum sai sun shigo mana, shi ya sa zan ɗan tsawaita.

Ki kai shi a yi abin da likita ya rubuta, cikin satin nan, kada ki jira a gama shawarwarin dangi.

Sikanin da aka rubuta masa irin wanda aka yi miki ne lokacin da kike zuwa awo. Na'ura ce mai aika amon sauti da kunne ba ya ji, sautin ya bugi abin da ke ciki ya dawo, kwamfuta ta mayar da shi hoto. Babu wuta a ciki, babu allura, babu tururin nan na eksire da ake gudu. Tun 1958 wani likita a Gilasgo, Ian Donald, ya wallafa aikinsa na duba cikin mata da ita, kuma har yau da ita ake duba 'yan tayi a duk duniya. Yaron nan an riga an leƙa shi da ita tun yana cikinki. Ki faɗa wa surukarki haka cikin ladabi, na ga kakanni da yawa da wannan maganar kaɗai ta kwantar musu da hankali. In da hali ma ki tafi da ita ta gani da idonta.

Abin da ya sa nake cewa ki hanzarta yana da alaƙa da maɗigar kanta. Sauti ba ya ratsa ƙashi da kyau, don haka kan babba ba ya dubuwa da wannan na'urar. Amma jariri Allah ya bar masa taga a tsakar ka, wato maɗiga, inda ƙasusuwan ba su haɗe ba tukuna. A nan muke ɗora kan na'urar bayan mun shafa mai santsi, mu ga ɗakunan ruwan da ke cikin ƙwaƙwalwa, ko sun buɗe fiye da kima, ko akwai jini da ya taru, ko wani kumburi. Yawanci maɗiga tana rufewa tsakanin wata 12 zuwa 18, kuma tun kafin nan tana ƙara tsukewa, hoton yana raguwa. A wata uku kuwa komai fes yake fitowa. Aikin ba ya wuce minti goma sha biyar zuwa ashirin, ba a aske masa kai, ba a hana shi nono. Ni na fi son uwa ta shayar da shi dab da shigowa, ta riƙe shi a cinyarta. Da yawansu barci suke yi har a gama, in sun yi kuka ma sanyin man ne.

Game da girman kan, ki duba katinsa na asibiti. Jaririn da ya cika watanninsa ana haifarsa da kewayen kai kusan santimita 33 zuwa 35, a watanni ukun farko yana ƙara kamar santimita 2 kowane wata, daga nan ya ragu zuwa 1. Awo ɗaya ba ya yanke hukunci, saurin ƙaruwar ake kallo. Akwai gidajen da babban kai gado ne, a auna uban a ga shi ma haka yake, sikanin ya fito lafiya lau, kowa ya koma gida. Akwai kuma waɗanda ɗan ruwa ne ya ƙaru a kewayen ƙwaƙwalwa ta waje, yana daidaita da kansa kafin yaye ko jim kaɗan bayansa. Wanda likita yake son ya tabbatar babu shi shi ne taruwar ruwa a cikin ɗakunan ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwa tana samar da ruwanta kullum, yana zagayawa ya koma cikin jini. Idan hanyar ta toshe sai ya taru, ya riƙa danna ƙwaƙwalwa yana buɗa kai. Abin da ke jawo shi a wajenmu sau da yawa ciwon da jariri ya yi ne a kwanakin farko, kamar sanƙarau ko ƙwayoyin cuta da suka shiga ta cibiya, ko zubar jini a kan bakwaini, ko yaron da aka haifa da ƙullutu a gadon baya. Don haka in ya taɓa zazzaɓi mai zafi ko jijjiga a cikin jego, ko an kwantar da shi, ki faɗa wa mai hoton kafin ya fara. Wannan labarin yana sa mu san inda za mu fi zuba ido.

Abin da ya fi ci mini rai a aikin nan shi ne yaran da ake kawo mana a makare. An zagaya da su, an yi turare, an ɗaure kai da ƙyalle wai ya matse, wani ma an kai shi wajen wanzami an yi masa tsaga, sai kan ya yi nauyin da wuya ba ya ɗauka sannan a zo. A hoton sai ka ga ruwa ya cika, ƙwaƙwalwa ta koma siririya a gefe. Alhali da an zo da wuri, likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa suna da abin yi: ko su sa siririn bututu ƙarƙashin fata daga kai zuwa ciki ya riƙa sauke ruwan, ko su huda wata sabuwar hanya a cikin ƙwaƙwalwar da na'ura mai kyamara. Na ga yaran da aka yi wa aikin da wuri sun dawo mana da jakar makaranta a baya.

Sai batun CT. Ba ƙarya maƙwabciyarki ta yi ba cewa hoto ne mai ƙarfi, amma shi da eksire yake aiki, kuma ba kaɗan ba. Kowannenmu yana samun ɗan tururi daga ƙasa da sararin sama, kusan milisiba (ma'aunin tururi) 2.4 a shekara in aka ɗauki matsakaicin duniya. Hoton eksire na ƙirji guda bai wuce abin da mutum ke samu a sati biyu ba, shi ya sa in yaro yana da nimoniya ko tari mai tsawo ba na ganin dalilin tsoronsa. CT na kai kuwa ya kai na wata takwas ko fiye a zama ɗaya, ga jikin jariri yana kan tsiro, ga shekaru masu yawa a gabansa. Wani babban bincike da aka yi a Birtaniya aka fitar a 2012, wanda ya bibiyi yara kusan 180,000, ya ƙiyasta cewa a cikin kowane yara 10,000 'yan ƙasa da shekara goma da aka yi wa CT na kai, za a samu ƙarin mutum ɗaya mai kansar jini da ɗaya mai ƙari a ƙwaƙwalwa cikin shekara goma. Haɗarin ƙarami ne, kuma idan yaro ya faɗo daga gado ya sume, ko mota ta buge shi, ni da kaina zan tura shi cikin na'urar ba tare da wani tunani ba, domin cikin 'yan mintuna take nuna jini da karaya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a biya kuɗi masu yawa a ɗora wa jariri tururi don amsar da sikanin zai bayar a arha. Kuma ba a zuwa wajen hoto da zaɓin kai, takardar likita ake bi.

Idan sikanin ya nuna wani abu, mai yiwuwa likitan tiyata ya nemi MRI kafin aiki. Ita maganaɗisu ce, babu tururi, kuma ta fi kowanne nuna ƙwaƙwalwa dalla-dalla. Wahalarta tsada, ƙara, da daɗewa, don takan ɗauki rabin awa ko fiye kuma dole yaro ya kwanta shiru. Ƙananan jarirai mukan sa a shayar da su a naɗe su a zani su yi barci, waɗanda suka ɗan tasa kuma sai an ba su maganin barci ƙarƙashin kulawar likita. Ranar ki cire masa laya, guru, da duk wani abu mai ƙarfe, ke ma haka in za ki shiga.

Wurin da za ki je ma yana da muhimmanci. Ba kowane shagon sikanin ne ya iya kan jariri ba. Wasu kan na'urar duba masu ciki kaɗai gare su, mai aikin kuma bai saba da ƙwaƙwalwa ba, sai ya rubuta miki komai lafiya alhali bai ga komai ba. An sha kawo mana irin waɗannan takardu mu sake daga farko. Ki nufi asibitin koyarwa ko babban asibitin da ke da sashen jarirai, ki tambaya ko likitan hoto ne zai duba ya sa hannu. Ki karɓi hoton da rahoton ki adana, domin in aka ce a maimaita bayan wasu makonni da na farkon za a gwada.

Na ga wata uwa ma ta tambaya ko wannan ne ake yi wa masu sikila. Dangin juna ne amma ba ɗaya ba. Nasu ta gefen kai ake yi, kusa da kunne inda ƙashi ba shi da kauri, a auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, sau ɗaya a shekara daga shekara 2 zuwa 16. In gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaron yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. A Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano an yi bincike a kan haka, aka ga maganin hydroxyurea yana kare irin waɗannan yara. Masu 'ya'ya sikila su tambayi asibitinsu.

Ke kuma ƙanwata, kafin ranar da aka ba ki ta zo, ki sa masa ido. In maɗigar ta kumbura ta yi tauri alhali ba kuka yake ba, ko idanunsa suna kallon ƙasa farin sama ya bayyana, ko yana amai mai feshi, ko ya ƙi kama nono, ko barci ya yi masa yawa har tashinsa yana wuya, ko ya yi jijjiga, kada ki jira layin hoto. Ki wuce ɗakin gaggawa na yara ko da tsakar dare ne, ki tafi da katinsa da takardar likitan.