Jita Ɗaya, Kantiri da Metal: Wane Maɗaukin Sauti Zan Saka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya. Ina da jitar lantarki ƙirar Telecaster, da maɗaukan sautinta biyu na asali. Kiɗan da muke yi da abokaina kantiri ne (kiɗan country na Amurka) mai nauyi, wani lokaci mu zarce zuwa metal sosai, wato kiɗan rock mai tsananin nauyi. Matsalata ita ce da zarar na ƙara wa amfilifaya gurnani (kaushin sautin da ake kira distortion) sai ƙugi ya cika ɗakin, wani sa'in har da fito mai huda kunne, sautin kuma ya sirance. Abokaina sun ce in cire duka in sa maɗaukin EMG 81 mai aiki da batir in huta. Ba ni da halin sayen jita ta biyu. Me ka gani?

Daga wani mai karatu

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena. Kada ka yi gaggawar bin shawarar abokanka tukuna. Ba wai EMG 81 ba shi da kyau ba ne, mawaƙan Metallica sun daɗe suna aiki da maɗaukan EMG kuma duniya ta ji sakamakon. Amma kai rabin kiɗanka kantiri ne, kuma wannan rabin shi zai sha wuya.

Bari mu fara da ƙugin. Maɗaukin sauti maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe sau dubbai. Idan tsirkiya ta girgiza a kansa sai 'yar wuta ta tashi a cikin naɗin, ita ce amfilifaya ke ƙara wa ƙarfi. Naka masu naɗi ɗaya ne, kuma naɗi ɗaya ba tsirkiya kaɗai yake ji ba, yana kwaso har da kaɗawar wutar lantarkin gida, wadda take sau 50 ko 60 a daƙiƙa gwargwadon ƙasa. A sauti mai tsabta da ƙyar za ka kula. Da ka ƙara gurnani kuwa, da kiɗan da ƙugin tare ake ƙara musu ƙarfi. Maganin wannan ne Seth Lover ya ƙera a kamfanin Gibson, ya nemi rajistarsa a 1955, aka fara sa shi a jitoci a 1957: naɗi biyu da aka juya wa juna baya, ƙugin ɗaya ya kashe na ɗayan, sautin tsirkiya kuma ya haɗu ya yi kauri. Shi ake kira hambaka. Fiton nan kuwa wani ciwo ne daban. Yawanci naɗin ne ya saki yana rawa da kansa, kuma mai gyaran jita na iya tsoma maɗaukin a narkakkiyar kakin zuma da farafin ya daina.

To ga abin da nake so ka riƙe. Gurnani a yau amfilifaya da feda (na'urar sauya sauti da ake takawa da ƙafa) ke ba da shi, kuma suna da shi fiye da buƙatarka. Can baya, lokacin da kamfanin DiMarzio ya fito da maɗaukin Super Distortion a 1972, amfilifayoyi ba su da wannan ƙarfin, dole sai maɗauki ya ingiza su. Wannan zamanin ya wuce. Abin da amfilifaya ba za ta iya ƙirƙira maka ba shi ne kaifin da maɗauki ya riga ya haɗiye. Yawan naɗi na ƙara ƙarfi da kaurin tsakiya, amma yana dusashe saman sauti, kuma a saman nan ran kantiri yake, wato tsinken nan da ake ji idan ka fizgi tsirkiya da yatsa ta bugi ƙarafan wuya ta dawo. Maɗauki mai yawan zafi, wato mai ƙarfin sauti sosai, ko mai batir irin 81, yana daidaita bugu mai ƙarfi da mai taushi su zama kusan ɗaya. A metal wannan alheri ne. A kantiri hannunka ne aka rufe wa baki. Gishiri ne, ana ƙarawa a miya amma ba a cirewa.

Sannan akwai aikin da abokanka ba su faɗa maka ba. EMG 81 cikakken hambaka ne, ba zai shiga ramin Telecaster ba sai an fafe itacen an kuma canja farantin ƙarfen da jakin tsirkiya ke kai. Ga neman wurin batir mai bolt 9, ga canja maɓallan murɗawa zuwa masu kilo-om 25, kuma haɗa mai batir da marar batir a jita ɗaya ba ya zuwa da sauƙi. Itacen da aka fafe ba ya komawa. Farantin nan ma yana da hannu a cikin karar da aka san Telecaster da ita tun farkon shekarun 1950.

Da jitata ce, ga abin da zan yi. Zan bar maɗaukin wuya yadda yake, in canja na wajen jaki kawai, in sa ƙaramin hambaka wanda aka yi daidai ramin Telecaster, mai matsakaicin ƙarfi. DiMarzio na da Chopper T, Seymour Duncan na da Little '59 na Telecaster. Seymour Duncan na da Hot Rails ma, amma ni a kunnena ya cika duhu ga mai son kantiri, sai dai in metal ne ya fi rinjaye a wurinka. Ka tabbata ka sayi mai wayoyi 4, domin a nan dabarar take. Mai gyara zai sa maka maɓallin da ake ja sama a danna ƙasa. A ƙasa naɗin biyu suna bin juna a jere, sauti ya yi kauri don metal. A sama kuma zaɓi biyu ne: ko a kashe naɗi ɗaya, ko a haɗa su kafaɗa da kafaɗa. Mutane da yawa na zaɓar kashe ɗaya, ni kuwa na biyun nake so ƙwarai. Rabin ƙaramin hambaka siriri ne marar jiki, kuma ƙugin da ka gudu zai dawo. Kafaɗa da kafaɗa tana ba ka haske da kaifi, ƙugin kuma yana nan a kashe. Ba zai zama asalin Telecaster ɗari bisa ɗari ba, wannan gaskiya ce, amma cikin ganga da bes kaɗan ne za su gane.

Idan kana duba bayanin kaya, kada lambar kilo-om ta ruɗe ka. Tsohon hambakan Gibson yana kusa da 8, JB na Seymour Duncan kusan 16, amma lambar tsawon waya da siranta take aunawa, ba ƙarfin sauti ba. Ƙananan hambaka da waya mafi siranta ake naɗa su, don haka lambarsu kan yi sama ko da ba su da zafi sosai. Maganaɗisu ma haka: ana cewa alniko ya fi taushi, siramik ya fi tauri, amma yadda aka yi naɗin ya fi tasiri. Maɓallin ƙararka mai kilo-om 250 ne a bisa al'ada, hambaka kuma an saba haɗa shi da 500. Fara da wanda ke ciki, in ka ji sautin ya dushe sannan a canja.

Wanda ya ce Telecaster ba ta metal, ya saurari John 5, wanda ya yi kiɗa da Rob Zombie shekaru da dama da irin wannan jita, kuma gwani ne a fizgar kantiri.

Sauran aikin na feda da saiti ne. Feda irin Tube Screamer, gurnaninta a ƙasa, ƙararta a sama, tana rage kumburin ƙasan sauti kafin ya shiga amfilifaya, sai danne tsirkiya da gefen tafi ya fito a tsuke. Ka haɗa da fedar da ke yanke hayaniya idan ka tsaya. In kana sassauta tsirkiyoyi zuwa ƙasa, sa masu ɗan kauri, in ba haka ba za su yi lagwal ka ɗora wa maɗauki laifi. Kafin ma ka sayi komai, danne tsirkiya a ƙarfen ƙarshe na wuya ka auna tazararta da maɗaukin jaki. Fara da milimita 2 zuwa 3, ka riƙa murɗa sukurori rabin juyi kana saurare, gefen tsirkiyoyi masu kauri ya ɗan fi ƙasa.