Ƙanwata kar ki ajiye aikin, kuma kar ki ajiye biron

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Tun daren jiya na ga tambayarki, kin ce labaran da kike rubutawa na Kano ne bayan shekara ɗari da na mutanen da ke komawa zamanin da, 'yan gidanku suna ce miki shirme ne, kuma kin rasa wanne za ki bari tsakanin aikin kemis ɗin da rubutun. Ni dai shawarata kar ki bar ko ɗaya, bari kuma ki ji labarin matar da ta sa na ce haka.

Sunanta Octavia Butler, baƙar fata ce 'yar Amurka, an haife ta a Pasadena ta jihar Kalifoniya a 1947. Babanta shushaina ne, ya rasu tana ƙarama, mamanta kuma aikatau take yi a gidajen turawa, wani lokacin ta tafi da ita wurin aiki yarinyar na kallo ana shigar da uwarta ta ƙofar baya. Littattafan da masu gida suka yar su uwar ke kwaso mata. Ga ta da kunya, ga matsalar nan da haruffa ke rikice wa yaro, amma tana shekara 10 ta dinga roƙo sai da aka saya mata tafireta. Wata antinta har ce mata ta yi baƙar fata ba ya zama marubuci, kin ga ba a kanki aka fara ba.

Inda nake so ki tsaya ki duba shi ne bayan ta girma. Wanke-wanke ta yi, ta yi tallar kaya ta waya, ta yi aikin duba soyayyen dankali a kamfani, kuma ƙarfe biyu ko uku na dare take tashi ta yi rubutu kafin ta fita aiki. A 1970 ta halarci bitar marubuta ta Clarion ta sayar da gajerun labarai biyu, daga nan fa shiru, wajen shekara biyar ana dawo mata da rubutunta. Sai 1976 littafinta na farko ya fito. Wanda ya fi shahara, Kindred, a 1979 ya fito, labarin wata mata ce ta wannan zamanin da ake fizgarta zuwa gonar bayi a Maryland, kuma don ta rubuta shi sai da ta hau bas ta ratsa ƙasar ta je ta ga gonakin da idonta. Wannan ya taɓa ni sosai wallahi, labarin ƙirƙira ne amma ba ta yarda ta yi shi da ka ba. A 1995 aka ba ta kyautar MacArthur, wata babbar kyautar kuɗi da ake ba masu hazaƙa a Amurka, ita ce ta farko cikin masu rubuta almarar kimiyya da ta samu. Ta rasu a 2006 tana da shekara 58, burin da ta rubuta a littafin ajiyarta na shiga jerin littattafan da suka fi ciniki na jaridar New York Times kuwa sai 2020 ya cika.

Ni kuma koyarwa nake yi a firamare. Na taɓa ajiye aiki wata bakwai da niyyar in gama littafi, abin da na rubuta a watannin nan bai kai babi uku ba, don da na ɗauki biro sai tunanin kuɗin cefane da na makarantar yara ya danne komai. Da na koma aiki sai na yanke minti arba'in bayan sallar asuba, kafin in ɗora ruwan koko, a kan tabarma da littafin rubutu irin na ɗalibai da fitilar waya in babu wuta, ko ina jin rubutun ko ba na ji sai na cika shafi ɗaya. A haka na gama shi cikin wata goma sha huɗu. Mai buga littafin da na fara kai wa ya juya shafi biyu ya ce in je in kawo na soyayya, na yi kuka a adaidaita sahu har gida, daga baya na dinga sakinsa babi-babi a WhatsApp kuma masu karatu suka samu.

Masu cewa Bahaushe ba ya irin wannan rubutun kuma ki gaya musu Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969, tafiya sararin samaniya ce a ciki.

Kemis ɗin nan ma kar ki raina shi, kullum kina ganin wanda ya zo sayen rabin magani don kuɗinsa bai kai ba, to Kanon taki ta bayan shekara ɗari wa ke samun magani a cikinta, wa ake bari a waje? Ki turo min babin farko ta inbos, insha Allahu zan karanta ranar Asabar in na gama makin jarrabawar yara.