Amsa: maganin ciwon kai da masu gudun gulutin

Sannu 'yar uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Kin ce likita ya hana ki alkama saboda cutar siliyak, wato ciwon da gulutin (wani sinadari da ke cikin alkama) ke yi wa hanjin mai shi illa, kina tsoron shan farasitamol da ibufurofen kar a ce akwai gulutin a cikinsu. To ki kwantar da hankalinki, shi sinadarin maganin kansa babu gulutin a ciki, inda maganar take shi ne sitacin da ake haɗa ƙwayar da shi don ta dunƙule, kuma galibi na masara ne ko na dankali, ba kasafai ake sa na alkama ba, shi ma an tace shi sosai har abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Amma dai ki dinga karanta takardar cikin kwali duk sayen da za ki yi, don kamfani kan canza haɗi, in ba ki gane ba ki tambayi mai kemis. Na tallan bakin titi marasa kwali kam ki bar su don Allah.

Abin da ya fi damuna ma ibufurofen ne da asfirin, suna cin ciki, sai mutum ya zaci gulutin ne. Farasitamol ya fi sauƙi, kar dai ki wuce giram 4 a rana.