Amsa: Inda za a kai iyali cin abinci a Jidda

Hajiya, tunda kin ce su Baba sun gaji da cin kabsa kullum (dafa-dukar shinkafa da nama ta Saudiyya), ku nufi unguwar Balad bayan sallar isha'i. Akwai tsofaffin gidaje da aka mayar wuraren cin abincin Hijaz, yankin da Jidda take. Ki nemi sayadiyya, shinkafar da ake dafawa da soyayyar albasa har ta yi duhu, a ɗora mata kifin Bahar Maliya. Ni kam ita na fi so. Baba kuwa a kawo masa salik, shinkafa ce luɓus da madara da romon kaza, ba ta wahalar da haƙori.

Ranar Alhamis da daddare akwai cunkoso, ki kama wuri da wuri. Ki tambaya ko suna da kujeru, zaman ƙasa na damun gwiwar dattawa.