Na ɗora shafina a intanet, amma yana ta komawa kwamfutata

Tambaya: Assalamu alaikum. Na yi wata biyu ina gina shafi da WordPress a kwamfutata ta hanyar XAMPP, manhajar da ke sa kwamfuta ta yi aikin sabar. Na sayi sunan shafi, na kama wuri a sabar, na kwashe fayiloli da rumbun bayanai zuwa can. Shafin farko yana buɗewa, amma hotuna ba sa fitowa a wayata, kuma duk abin da na latsa sai ya kai ni localhost. Ina na kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Kwantar da hankalinka, aikinka bai lalace ba. Kaya sun isa sabon gida, sai dai har yanzu tsohon adireshi ne rubuce a jikinsu.

Kalmar localhost tana nufin "wannan na'urar da nake kai", lambarta 127.0.0.1. Duk wanda ya buɗe shafinka, burauzarsa a cikin tasa na'urar za ta nemi hoton, ba kuwa za ta same shi ba. Ka yi dabara da ka gwada a waya, domin a kwamfutarka, muddin XAMPP na kunne, hotunan na iya fitowa ka ɗauka komai lafiya.

Kafin ka taɓa komai, ka sauke kwafin rumbun bayanan ka adana. Sannan ka shiga phpMyAdmin na sabar, wato manhajar sarrafa rumbun bayanai, ka buɗe teburin wp_options, ka gyara layuka biyu, siteurl da home, su koma sabon adireshin shafinka. Wannan zai ba ka damar shiga sashen gudanarwa. Saura tsohon adireshin da ya bazu cikin rubuce-rubuce da hotuna.

Nan ne nake so ka natsu sosai. Kada ka buɗe fayil ɗin rumbun a Notepad ka sauya adireshin da hannu. WordPress yana ajiye wasu saituna tare da ƙidayar haruffansu. Za ka ga abu kamar s:16:"http://localhost", wato haruffa 16. Idan ka sa sunan da ya fi haka tsawo, lambar kuma ta tsaya a 16, PHP, harshen da WordPress ke aiki da shi, zai ƙi karanta saitin gaba ɗaya. Sai ka tarar launuka da tsarin da ka kwana kana shiryawa sun ɓace. Yana ba ni takaici in ga an yi asarar aiki a kan abin da minti goma ya isa a kauce masa. Ka sa wa WordPress ƙarin manhaja (plugin) mai suna Better Search Replace don sauya adireshin, shi yana gyara ƙidayar da kansa, kuma yana bari ka fara gwaji ka ga wurare nawa zai taɓa kafin ya sauya. Bayan nan ka shiga Settings, Permalinks, ka latsa maɓallin adanawa ko ba ka canza komai ba.

Tun farko ka rubuta sabon adireshin da https, don kada ka yi aiki biyu. Takardar tsaro ta Let's Encrypt kyauta ce, kuma tun Yulin 2018 Chrome ke nuna wa baƙi cewa shafin http ba shi da tsaro. Haka nan kalmar sirrin da ka sa ta wucin gadi lokacin gini, ka canza ta yau ɗin nan, kuma ka mayar da WP_DEBUG, saitin da ke nuna kurakurai lokacin gini, zuwa false a fayil ɗin wp-config.php.

Tambaya: Mako uku ke nan da na buɗe shafin sana'ata ga jama'a, amma ko sunansa na rubuta a Google ba ya fitowa. Sai na biya kuɗi ne?

Amsa: A'a Malama, ba a biyan ko sisi. Ki duba Settings, Reading. Akwai wani ɗan akwati da ke roƙon injunan bincike kada su lissafa shafin. Masu gini kan latsa shi don kada a ga aikin da bai kammala ba, ranar buɗewa kuma a manta da shi. Ki cire alamar. Daga nan ki yi rajistar shafin a Google Search Console, ki miƙa taswirarsa, wato jerin adireshin shafukan da ke cikinsa. Tun sigar 5.5 ta shekarar 2020 WordPress ke haɗa taswirar da kansa, tana nan a wp-sitemap.xml bayan sunan shafinki, amma ba ta aiki idan akwatin nan na latse. Ki ba Google 'yan kwanaki, sannan ki rubuta site: haɗe da sunan shafin a cikinsa, za ki ga shafukan da ya riga ya ɗauka.